Yadda Ake Ɗaukar Mai Otizim Aiki a Kuma Zauna da Shi Lafiya

Shagon ɗab'i gare ni a cikin garin Gombe. Muna buga katin biki, kalanda, takardun jarrabawar makarantu da allunan talla. Wata rana da hantsi wata maƙwabciyarmu, sa'ar yayata, ta shigo da ɗanta a bayanta. Shekararsa 23, yana da difloma a fannin kwamfuta, kuma wurare uku sun sallame shi cikin shekara guda. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, ga ɗanka na kawo maka. Wallahi aiki ya iya shi, zama da mutane ne ya gagare shi."

Shi kuwa ko kallona bai yi ba, balle gaisuwa. Idonsa na kan samfurin wani katin ɗaurin aure da muka ajiye a kan tebur. Can sai ya ce, "Sha huɗu ga wata Lahadi ce. An rubuta Asabar." Na ɗaga kai na duba kalandar bango, haka ne. Mu uku muka karanta katin nan muka wuce, kuma saura ƙiris mu buga guda 500.

Yau yana cikin shekararsa ta uku a wurina. Abin da zan zayyana a nan na koye shi ne daga bakinsa, da bakin mahaifiyarsa, da karatu, da kuma kurakuran da na yi a watannin farko. Na rubuta shi domin mai shago, da shugaban sashe a ma'aikata, da mai makaranta, da duk wanda ke da hannu a ɗaukar ma'aikata ko kula da su.

Da farko ka san abin da ake magana a kai

A rediyo za ka ji ana cewa galahanga, sai dai kalmar ta zama kamar buhu, duk larurar da ta shafi tasowar yaro cusa ta ake yi a ciki. Likitoci otizim suke cewa, da shi zan yi amfani. A unguwa kuma mun san sunayen da ake laƙaba wa irin waɗannan bayin Allah: dolo, gaula, miskili, mai girman kai, ko a ce iska ce ta taɓa shi yana jariri. Muddin ɗaya daga cikin sunayen nan na zaune a ranka, duk abin da ma'aikacin ya yi da shi za ka fassara.

Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu. Ana ganin alamunsa tun ƙuruciya, kuma da shi mutum yake girma har ya tsufa. Gado na da babban kaso a cikinsa. Ba a ɗaukarsa a jikin wani, babu kuma ƙwaya ko jiƙon da ke kawar da shi. A wurin aiki ta fuska uku za ka gan shi. Akwai wahalar karanta abin da ba a faɗa da baki ba, wato yanayin fuska, sautin murya, zolaya da habaici. Akwai son tsari guda da ƙin canjin ba-zata, haɗe da nutsewa cikin abu ɗaya har a ƙware a kansa. Sai kuma ji da gani da shaƙa da suka fi na sauran mutane kaifi, ta yadda ƙarar da kai ka manta da ita tun da safe, shi tana huda masa kai har yamma.

Wani likita mai suna Leo Kanner ne ya bayyana yanayin a rubuce a 1943, bayan ya lura da yara 11 a birnin Baltimo na Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi. To, yaran nan girma suke yi. Suna nan a Pantami da Bolari da Jekadafari da Tumfure, da yawansu ba su taɓa ganin likita a kan wannan ba, kuma suna neman abin yi kamar kowa.

Ranar da maganar ta taso a wurin aikinka, wani zai ce allurar rigakafi ce ke jawo shi, don haka ka riƙe amsar. Asalin zancen wata takarda ce da wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa a mujallar Lancet a 1998. A 2010 mujallar ta janye takardar, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci, sannan manyan bincike da aka yi a kan ɗimbin yara ba su ga wata alaƙa ba.

Masu otizim ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ba ya magana sam, yana buƙatar kulawa tsawon rayuwarsa, akwai kuma malamin jami'a. Kada ka ɗauka kowannensu gwanin lissafi ne ko kwamfuta. Wani ɗinki ya iya, wani kiwon kaji, wani jera kaya a sito. A ƙarshen shekarun 1990 wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostareliya, Judy Singer, na cikin waɗanda suka yaɗa tunanin da za mu iya kira bambancin halittar ƙwaƙwalwa: kamar yadda Allah ya bambanta fuskoki da muryoyi, haka ya bambanta yadda kawuna ke aiki. A ƙarƙashin wannan inuwa ake sa masu wahalar haɗa baƙi wajen karatu, da masu larurar da likitoci ke kira ADHD, waɗanda hankalinsu ba ya tsayuwa wuri ɗaya. Yawancin matakan da ke ƙasa su ma suna yi musu amfani. Abu ɗaya dai: kai ba likita ba ne, kada ka kalli ma'aikacinka ka yanke masa larura.

Rubuta aikin kafin ka nemi mai yin sa

Ɗauki takarda ka rubuta abin da mai wannan gurbi zai yi daga zuwa har tashi. Sai ka raba gida biyu: abin da aikin ba ya yiwuwa sai da shi, da abin da kawai al'ada ta sa ake haɗawa. Lokacin da na yi wannan na ga cewa mai tsara rubutu a kwamfuta ba dole ne ya yi ciniki da masu kawo aiki ba. Mun saba haɗa masa ne kawai, alhali akwai wanda bakinsa ya fi kaifi a ciniki amma yana tsallake kuskure. Na raba musu, kowa ya kama inda ƙarfinsa yake.

Idan za ka sanar da gurbin, cire kalmomi irin su "mai iya hulɗa da jama'a" matuƙar aikin bai dogara a kansu ba. Mai otizim kan ɗauki sharaɗi a yadda aka rubuta shi, ya ga bai cika ɗaya ba ya fasa nema gaba ɗaya.

Gwada shi da aiki, ba da surutu ba

Intabiyu irin wadda muka saba, mutum huɗu a bayan tebur suna jefo tambaya, gwajin iya baki ce. A nan ake zubar da masu otizim da dama tun kafin a ga hannunsu. Wani ɗan ƙasar Denmak, Thorkil Sonne, ya lura da haka bayan an gano ɗansa na da otizim, sai ya kafa kamfanin Specialisterne a 2004, inda ake tantance mutane ta hanyar ba su aikin hannu ana kallon yadda suke warware shi. Kamfanin SAP na Jamus ya buɗe shirin ɗaukar masu otizim a 2013, Microsoft ma ya bi sahu a 2015. Ba sai kana da ƙarfinsu za ka kwaikwayi dabarar ba, ai iyayenmu masu sana'a da haka suke ɗaukar yaro: zauna ka yi mu gani.

Ga yadda za ka shirya. Kwana biyu ko uku kafin ranar, aika masa saƙo a rubuce da ke ɗauke da lokaci, kwatancen wurin, wanda zai tarar, abin da za a ba shi ya yi, da tsawon lokacin da za a ɗauka. In akwai tambayoyi, tura masa su tun da wuri. Idan yana son wani nasa ya rako shi, bari ya rako shi. A ranar kada ku wuce mutum biyu. Ba shi aiki na gaske irin wanda zai riƙa yi, ka koma gefe. Tambayoyinka su zama masu kai: maimakon "ba mu labarin kanka", ce "wace manhaja ka fi aiki da ita, kuma me ka taɓa yi da ita?" Idan ka yi tambaya ka ji shiru, ƙirga goma a zuciyarka kafin ka sake magana, don sau da yawa amsar na hanya, in ka sauya tambayar sai ya koma farko.

Kada ka auna shi da kallon ido. A nan ma al'adarmu ta sauƙaƙa, tunda sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne a wurinmu. In gwajin zai kai kwanaki, biya shi ladan kwanakin.

Zauna da shi ka tambaya

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A makon farko ku keɓe, ka tambaye shi abubuwa ƙayyadaddu. Wace ƙara ce ta fi damunka? Ka fi son a faɗa maka aiki da baki ko a rubuce? In ka gaji ko ranka ya ɓaci, ta yaya zan gane? Me kake so in yi a lokacin? In baki ya yi masa nauyi, ba shi tambayoyin ya tafi da su gida ya rubuto. In ya yarda, ka ji ta bakin mahaifiyarsa ko wani na kusa, amma shi ka ɗauka aiki, don haka kada ku riƙa maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin.

Ka kuma tambaye shi ko yana so abokan aiki su sani, da iya abin da za a faɗa musu. Sirrinsa ne. Wani ya sha tsangwama tun firamare, ba ya so a ambata. Idan ma'aikaciya ce sai ka ƙara kula, domin mata da yawa sun iya ɓoye wahalarsu ta hanyar kwaikwayon na kusa da su, mu kuma mu ce kunya ce, alhali ita kaɗai ta san gajiyar da take komawa gida da ita.

Gyara bakinka

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma kyauta ne. Mu mutane ne masu kara da alkunya. Rabin maganarmu hannunka-mai-sanda ce, muna faɗin kaɗan muna jiran mutum ya cike sauran. Zaman tare ya ginu a kan haka, ina kuma ƙaunar wannan ɗabi'a tamu. Amma ga mai otizim, abin da ba ka faɗa ba bai faɗu ba.

A wata na farko na miƙa masa takardun jarrabawar wata makaranta na ce, "Ɗan duba mini waɗannan." Na dawo bayan azahar na ce, "Ka duba?" Ya ce, "Na duba, Maigida. Kuskure sha ɗaya ne." Na ce, "Ka gyara?" Ya ce, "Ba ka ce in gyara ba." Raina ya sosu, na ɗauka raini ne. Da na natsu na ga gaskiyarsa: duba na ce, ya kuma duba. Wata rana kuma na ce masa, "Tsaya nan, ina zuwa," wani uzuri ya riƙe ni a kasuwa. Na dawo bayan fiye da awa ɗaya na same shi tsaye a inda na bar shi, da fayil a hannu, cikin zafin watan Afrilu. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Daga nan na sa wa kaina doka. Duk aikin da zan ba shi sai ya ƙunshi abin da za a yi, guda nawa, zuwa ƙarfe nawa, da wanda za a miƙa wa in an gama. In aiki biyu ne, in faɗi wanda za a fara. Sannan in tura masa a WhatsApp ko in rubuta a allon da ke gefen teburinsa. "Anjima", "in an samu lokaci", "ka yi sauri-sauri" da "ka dai gane ai" duk na ajiye su. Yanzu cewa nake, "Gyara kurakuran takardun aji uku, ka buga kwafi 40, ka ba ni kafin ƙarfe biyu." In ina so in tabbatar ya fahimta, ba na cewa "ka gane?", don zai iya cewa e. Cewa nake ya faɗa mini abin da zai fara da shi.

Habaici kuwa ɓata baki ne. In ka ga yana zaune ka ce masa "sannu da hutawa", zai amsa da "yauwa" da zuciya ɗaya. Wataƙila ya gama abin da aka ba shi ne bai san na gaba ba. Rubuta masa jerin abin da zai kama duk lokacin da hannunsa ya zama babu komai.

Inda karar tamu ta fi cutarwa shi ne wajen gyara. Mahaifiyarsa ta shaida mini cewa a duk wurare ukun da suka sallame shi babu wanda ya taɓa ce masa ga laifinka. Haƙuri aka yi ta yi da shi ana ɗaure fuska, shi kuma ba ya karanta fuska, har ranar da aka ce masa kasuwa ba ta tafiya. Mutum ya rasa aiki sau uku bai san dalili ba. In ya yi kuskure, kira shi gefe a ranar, cikin murya ta yau da kullum, ka ce ga abin da ya faru, ga abin da ya jawo, ga yadda za a yi nan gaba. In ya yi daidai ma ka faɗa da baki, ka ambaci abin da ya yi.

Shi ma maganarsa kai-tsaye take, sai ka yi shirin haka. Ya taɓa ce wa wani dattijo da ya kawo aiki, "Rubutunka ba daidai ba ne." Gaskiya ya faɗa, amma fuskar dattijon ta canza. Na ba dattijon haƙuri, daga baya na rubuta wa yaron jimla guda ya haddace: "Ranka ya daɗe, akwai wani wuri da nake ganin a sake dubawa." Da ita yake aiki har yau. Haka na yi da gaisuwa. Na bayyana masa dalilinta, muka tsayar da gajera wadda zai iya kowace safiya, na kuma ce wa sauran kada wanda ya ja shi da doguwar gaisuwa yana tsakiyar aiki.

Zauna a kujerarsa ka saurara

Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, ita ma tana da otizim. Ta yi suna ne da shiga cikin hanyar da ake koro shanu ta duƙa ta ga abin da ke sa su turjewa: inuwa a ƙasa, sarƙa mai lilo, rigar da aka rataye a shinge. Injiniyoyi na wucewa ba sa gani. Kusan rabin shanun da ake yankawa a Amurka suna bi ne ta kayan da ta tsara. Duk wanda ya taɓa loda shanu a mota a kara ya san abin da ta gano. Darasin da na ɗauka daga gare ta shi ne a je wurin da kai a duba ƙananan abubuwa.

Na zauna a kujerar yaron na minti goma na yi shiru. Janareta na bayan tagarsa. Ƙwan fitilar da ke samansa na ƙiftawa. Rediyo na yi, injin yankan takarda na bugawa, ga warin tawada da fetur, ga masu wucewa suna gogar kafaɗarsa. Washegari muka mayar da teburinsa kusurwar da ke nesa da janareta, bayansa na jingine da bango, muka canza ƙwan, na saya masa abin toshe kunne. Abin da na kashe bai kai kuɗin man janareta na kwana biyu ba. In kana ofis, duba turaren wuta da turaren jiki masu ƙarfi, da fanka mai ƙara, da wayoyin da ke ruri. Samar masa wurin da zai keɓe na minti goma in abin ya taru masa, ko da sito ne ko inuwar bishiya. In ka ga yana kaɗa jiki ko murza yatsu ko jujjuya biro, ƙyale shi, da haka yake samun natsuwa.

Sanar da canji tun kafin ya zo

Lokacin zuwa, na sallah, na abinci da na tashi su zama sanannu, a manne a bango. In azumi ya gabato kuma lokutan za su sauya, faɗa masa mako guda kafin nan. Haka in lokacin jarrabawa ko na zaɓe ya zo da aikin dare. Abin da ba a iya sanin ranarsa, kamar ɗauke wuta ko lalacewar inji, sai a yi masa tsari tun da wuri: in wuta ta tafi, ka kama naɗe takardu har a tayar da janareta.

Shirya abokan aiki

Galibi a nan ake samun matsala, ba a wurin maigida ba. Muna da barkwanci da wasan taubasai, muna tsokanar juna don ƙauna, amma wanda ke ɗaukar magana a yadda ta fito ba ya bambance wasa da zagi. Akwai kuma masu mugunta da gangan, masu aiken mutum sayo abin da babu don a yi dariya, ko ɓoye masa kaya. Tara ma'aikatanka ka faɗa musu a fili cewa wannan laifi ne da ke da hukunci, kuma ranar da aka fara yi ka hukunta. In ka kau da kai sau ɗaya, ka ba da lasisi.

Bayyana musu, gwargwadon yadda shi ya amince, cewa rashin shiga hira ba girman kai ba ne, ƙin cin abinci a kwano ɗaya ba ƙyama ba ce. Yaron wurina kusan abinci iri ɗaya yake ci kullum, kuma ba ya son a taɓa jikinsa ba zato. A riƙa gayyatarsa biki da suna da walima, in ya ce a'a a karɓa. Zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri, wanda ba ya gulma, ya zama wanda zai riƙa tambaya abubuwan da ba a rubuta ba: ina ake ajiye makulli, wa ake gaya wa in za a fita, nawa ake bayarwa in ana karo-karo. Wani zai ce ana fifita shi. Amsata ita ce duk mai son a rubuta masa aikinsa ko a matsar masa da tebur ya zo, kuma biyu sun zo.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu a matsayin ranar wayar da kai kan otizim, an fara ta a 2008. Dama ce ta zama da ma'aikata na rabin awa a tattauna, amma kada a tsayar da shi gaban mutane a matsayin misali sai in shi ya nema.

Idan abin ya fi ƙarfinsa

Wata rana ƙara da gajiya da canji za su iya taruwa har ya fashe da kuka, ko ihu, ko ya toshe kunne ya ƙame ya kasa magana. Ba iskokai ba ne, ba kuma taurin kai ba. Abin da muka saba yi, wato taruwa a kansa, riƙe shi, yayyafa masa ruwa, kowa na "mene ne, mene ne", shi ke ƙara rura wutar. Sallami 'yan kallo. Kashe rediyo da inji. Mutum ɗaya ya tsaya daga ɗan nesa, ya yi magana kaɗan a hankali, ya nuna masa hanyar wurin keɓewa. Kada a taɓa shi sai in zai ji wa kansa ciwo. Bayan ya dawo daidai a bar shi ya huta, sai washegari ku bi baya ku gano abin da ya taru, don a toshe shi.

Ka bambance wannan da farfaɗiya, domin ta fi yawa a tsakanin masu otizim fiye da sauran jama'a. In mutum ya faɗi yana jijjiga, kawar da abin da zai buge shi, sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, juya shi ya kwanta ta gefe in jijjigar ta lafa, kuma kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. In ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Wanda kuma ke son a duba shi don ya san matsayinsa, sai ya nemi likitocin ƙwaƙwalwa a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe.

Albashi, doka da ci gaba

Biya shi abin da kake biyan duk mai irin aikinsa. Na sha jin ana cewa "ai taimaka masa ake yi", a ba mutum rabin albashi alhali aikinsa cikakke ne. Wannan cin gumi ne, ko da wane suna aka kira shi. Ka kuma sa ido kada a riƙa cin bashinsa ba a biya, ko a jibga masa aikin wasu don ba ya iya cewa a'a.

Doka ma ta yi magana. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar 2018 da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, kuma ma'anar da ta bayar ta haɗa da larurorin ƙwaƙwalwa, ba na gaɓɓai kaɗai ba. Kamfanin da aka samu da laifi tararsa naira miliyan 1, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ta kuma buƙaci ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu masu buƙata ta musamman su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da ke kula da aiwatar da ita. In kana riƙe da wani sashe a sakatariya ko ƙaramar hukuma, ka tuna kason nan bai tsaya ga guragu da makafi da kurame ba.

Duk wata uku ku zauna na minti ashirin. Takarda guda muke amfani da ita mai tambaya uku: me ke tafiya daidai, me ke damunka, me kake so ka koya. Ina ba shi ita kwana biyu kafin zaman. In ka ga aikin bai dace da shi ba duk da gyare-gyaren, gwada shi a wani gurbin kafin ka yi maganar sallama. In kuma dole ce, faɗa masa ainihin dalilin, ka rubuta masa takardar shaida da ke ambaton abin da ya ƙware a kai.

A zamanmu na baya, a ƙarƙashin tambaya ta biyu ya rubuta cewa a daina ɗaukar almakashinsa ba a mayarwa. Na sayo wani na ɗaure da igiya a jikin babban tebur. A ƙarƙashin ta uku ya rubuta cewa yana so ya koyi sabon injin buga allunan talla, kuma yana so a ba shi littafin injin ya karanta tukuna kafin a nuna masa. Na ba shi littafin ranar Alhamis, za mu fara ranar Litinin bayan sallar azahar.